Malama Raliya, Kin Bar Ni da Yabon Zinnira

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga watan Azumin Tsofaffi, ina ɓarar gyaɗa aka leƙo aka ce Malama Raliya ta Kabo, mai koyar da yaranmu, ta rasu. Ni ce Asta ta Mainika, kakar Zinnira. Ban iya rubutu ba, Rukayya maƙwabciyata ke sa min a takarda, kuma na ce kar ta gyara min magana.

Malama, kishinki nake, har yau da kike kwance. Ni na goya yarinyar nan tun uwarta ta rasu, ni na tauna na ba ta. Amma ta dawo gida ba ta da zance sai Malama ta ce, Malama ta yi. Ko ɗaurin ɗankwali naki take yi.

Kafin ki zo akwai wani malami, ba zan kama suna ba. Yaro ya yi masa tambaya sai ya zaro bulala, ya ce 'ya'yan ƙauye daƙiƙai ne. Ni tsohuwa na gane shi, don na san tsoro in na gan shi. Ko ƙofar makarantar nan ba na iya bi gabana bai faɗi ba. Tsoro yake kar a gano abin da bai sani ba. Ke kuwa Zinnira ta ce in an tambaye ki abin da ya shige miki, dariya kike ki ce, "Wallahi kun kama ni, gobe mu nemo tare." Ki miƙa wa yaro alli ki koma bencinsa ki zauna. Ba ki raina kanki ba, shi ya sa ba ki ga abin rainawa a yaranmu ba.

Kin tuna ranar kasuwar Gwarzo? Kika riƙe hannunta a gaban masu tumatir kika ce, "Inna, jikarki kai gare ta, likita za ta zama." Mu a gidanmu ba a yabon ɗa a fili, baki kama yaro yake. Na ce, "Wannan shashashar? Ko tuwo ba ta iya kwashewa." Kika ce, "To Inna, ki bar min shashashar, ina so." Na koma gida na yi mata turare na tofe ta. Ita kuwa tun a kasuwar ko kallona ba ta yi ba, fuskarta na wajenki. Abin da ke raina shekara da shekaru, ke kika faɗe shi a tsaye, ko ɗar ba ki ji ba.

Yanzu ga inda muke. Tun da aka kai ki, Zinnira ta rataye jakarta, ga jarrabawa ta matso. Na yi faɗa, na yi lallashi. Ta ce, "Inna, Malama kaɗai ta ce zan iya. Ke shashasha kike ce min."

Rukayya, rubuta, in kin gama ki karanta mata da ƙarfi, ko a tsakar gida ne. Zinnira tana da kai. Tun tana rarrafe na sani, na riga Malama sani. Za ta iya. Allah Ya tsare min ita daga baki, har nawa. Gobe ni zan raka ta, har cikin ajin in ta kama.

Allah Ya jiƙanki Malama, Ya yalwata kabarinki, Ya sa yaran da kika ɗaga su zame miki haske. Malam Muhammad Nur maigidanki, da mahaifiyarki Hajiya Sa'a, da mutanen Kabo duka, Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya abin da ta bari. Amin.