Malama Huseina da Kifin da Awaki Suka Cinye

Kullum da safe, a tashar Dutsin-Ma, za ka ga wata mata ta shiga motar Kurfi rungume da buhu. Ba hatsi ba ne a ciki. Sakaina ce, da marafan kwalba, da ƙullin bula. Malama Huseina ke nan, mai koyar da 'yan aji ɗaya, wadda za ta yi ritaya a ƙarshen zangon nan.

Ɗalibanta ba su san ruwan da ya wuce tafki ba. Wanda ya taɓa zuwa dam ɗin Zobe, sai ya riƙa tafiya yana buɗe kafaɗa. Ita ma sau ɗaya ta ga teku, ta tagar jirgi a hanyar Jidda, amma abin bai bar zuciyarta ba. Ta shafe bangon aji da bula. Sakaina ta zama bayan kunkurun ruwa, yumɓu ya zama ƙaguwa.

Ba kowa abin ya burge ba. Alhaji Badamasi mai hatsi, shugaban iyayen yara, ya sami hedimasta ya ce, "Mi teku za ta ƙara ma ɗiyan manoma? A ba su lissafi mana." Aka tsayar da magana: ranar taron iyaye za a duba aikinta, ko a bar darasin ko a soke shi.

Yaran Kurfi gwanayen motar kara ne, sai ta sa su ƙera ƙaton kifi da karan dawa, irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa. Suka lulluɓe shi da takarda, suka liƙe da kullun gero, suka shanya a bayan aji. Kullun gero fa, a garin da awaki ke yawo ba mai ce musu kanzil!

Ina wurin da safen taron, cikin iyayen yara. Fatar kifi ta tafi, sai haƙarƙari. Yara na kuka. Malama ta yi dariya har da share ƙwalla, ta tara su ta yi musu magana a hankali, sannan ta ce a ɗauko shi haka nan.

Surayya, ƙaramar 'yar Alhaji Badamasi, wadda ko gaisuwa sai an matsa mata, ita ta tsaya gaban iyaye. "In kifin nan ya mutu, yakan nutse ƙasan teku," in ji ta. "Ƙananan halittu su yi shekaru suna ci, sai ƙashi ya rage. Namu, awaki ne suka canye."

Wuri ya ɗauki dariya. Alhaji bai yi ba, ya dai zuba wa 'yarsa ido. Washegari amalanke ya sauke dammunan kara a makaranta, da saƙo: "A ce ma Malama, wanga karon ta shanya bisa rufi."

Malama, ke ce kika kawo teku garin da ko kwalekwale babu. Uwar yara, mai mayar da kuka darasi. Mun gode, Allah Ya saka miki da alheri, Ya sa ki huta lafiya.

Ku kuma malamai masu tasowa, za ta bar buhunta a kusurwar aji, ta ce na wanda ya fara ɗauka ne. Karan Alhaji na nan bai ƙare ba, yara suna jira.