Inna Kubra Mai Ɗanɗana Miya

Duk garin Maruta an san Inna Kubra da azumi. Tun tana budurwa ba ta taɓa barin ramuwa ta kai mata wani watan ba, ga Sitta Shawwal, ga Litinin da Alhamis. Idan ta ga mutum ya yi laushi da la'asar, sai ta tafa hannu ta ce, "Oh ni Kubra! Ƙato da kai, yunwar yini ɗaya ta kayar?"

Bana kuwa jiki ya ce ya gaji. Azumi bai yi nisa ba ta yanke jiki ta faɗi a bakin murhu. Ɗanta Ishiyaku direba ya kai ta asibiti a Birnin Kudu, likita ya ce ciwon suga ne, ita da azumi sai dai kallo. Liman ya ce ciyarwa ta wadatar, Ishiyaku ya auni gero ya raba wa mabuƙata.

Amma ina! Inna ta shige ɗaki ta saki labule. Kunya take ji a ga bakinta yana motsi da rana tsaka. Abin da ya fi ƙona mata rai shi ne kowa ya shiga wata mai alfarma, ita an bar ta a waje.

Surukarta Sa'adiyya kuwa ba ta yarda ta ɗanɗana girki da azumi a bakinta, tsoro take kada ya wuce maƙogwaro. Miyarta yau lami, gobe gishiri kamar da gayya. Ran nan dai ta ɗaga labulen, ludayi a hannu.

"Inna, don Allah ki ji mini gishirin nan."

Inna ta harare ta, sannan ta lasa. "Wannan miya ce ko ruwan wanke kwano? Ƙara gishiri, ki jefa daddawa!"

Kafin sati ya zagayo labari ya bazu. Da la'asar sai ka ga matan unguwa a ƙofar ɗakinta, kowacce da ludayinta, Inna tana lasa tana faɗa, suna dariya.

Wata magariba Ishiyaku ya kai loma ya ce, "Kai, yau miyar nan ta yi!"

"Harshen Inna ne," in ji Sa'adiyya.

Inna ta share ido da gefen mayafi. "Gobe ku ce musu su zo da wuri," ta ce. "Ba na so masu azumina su sha ruwa da lami."