Ɗakin Kwamfutar da Muka Yi wa Jere

Ban taɓa mantawa da ranar da Injiniya Buba ya zo daga Nguru duba ɗakin kwamfutarmu ba, ko da yake na daɗe da ajiye aiki, ina gida ina fama da yara da tukunya. Ku da kuka gaje mu a ɗakin nan kun sha roƙona in ba ku labarin Hajiya Yagana, Allah ya jiƙanta. To ga wanda ya fi zauna mini a rai.

A lokacin ban jima da gama sakandare ba, aka ɗauke ni mataimakiyar ɗakin kwamfuta a wata makarantar 'yan mata ta kwana da ke bayan garin Gashuwa. Ga wanda bai san tsarin ba, a sama akwai shugabar makaranta, wato Hajiya Yagana. Sai malamin kwamfuta, Malam Bukar, shi ke koyarwa. Ni ce ta ƙarshe. Aikina buɗe ɗaki, shara, goge-goge, da lura da shige da ficen ɗalibai.

Wata ƙungiya ce ta ba mu kayan: kwamfutocin tafi-da-gidanka sababbi fil, da sola a kan rufi, da wata 'yar na'ura mai ƙahonni da ke kawo intanet, an biya mata na shekara guda. Dalilin kyautar kuwa sananne ne. Jarrabawar shiga jami'a ta koma ta kwamfuta, kuma yawancin 'yan ajinmu na ƙarshe ko kusa da kwamfuta ba su taɓa zuwa ba.

A aikin gwamnati, wanda ya sa hannu ya karɓi kaya shi ke amsa tambaya in sun lalace. Hajiya ta taɓa ɗanɗana wannan. Tana mataimakiyar shugaba a wata makaranta wajen Machina, injin buga takardu ya lalace a hannun wani, amma ita aka aiko wa takardar neman ba'asi, har ƙarin girmanta ya makara. Tun daga nan ta ɗauki kayan hukuma kamar ƙwai a cokali. Ranar da masu kawo kayan suka tafi, ta damƙa mini makulli ta ce, "Hadiza, amana ce. Ko ƙuda ban yarda ya sauka a kansu ba."

Ni kuwa na ji daɗin wannan magana har cikin raina. Muka gyara ɗakin nan kamar ana jeren amarya. Na sayo yadi ruwan toka, na ɗinka wa kowace kwamfuta rigarta, har da 'yar fulawa a baki. Muka shimfiɗa leda a ƙasa, muka rataya labule. Kullum da safe sai na sa turaren wuta, irin na Barebari mai kama jiki, wanda Hajiya ke kawowa daga gidanta. Duk baƙon da ya shigo makaranta, ko uban ɗaliba ne ya kawo garin kwaki, sai an kai shi ya leƙa ya ce masha Allah.

Ɗalibai fa? Suna shiga, amma layi-layi, babu takalmi, hannuwa a baya. Malam Bukar ya ɗaga rigar kwamfuta ɗaya ya nuna musu daga nesa, a mayar a rufe. Darasin gaske a aji ake yi. Ya zana madannan kwamfuta a jikin kwali, kowace yarinya ta kwafa, su yi ta danna kwali da yatsu yana kiran haruffa.

Intanet kuwa Hajiya ta sa aka kashe na'urar, ta naɗe wayar wutarta ta kulle a durowa. A ganinta intanet kamar hatsin rumbu ne, in aka soma ɗiba tun kaka ba ya kai damina. Ta ce a adana shi sai jarrabawa ta matso. Malam Bukar ya yi mata bayani ya fi a ƙirga, cewa wa'adi gare shi, ko an taɓa ko ba a taɓa ba kwanansa na tafiya. Sai ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Malam Bukar, ni fa na haifi kamarka. Ƙwallo kake son kallo da intanet ɗin marayu." Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba, ya fita. Gaskiya kuma yana son ƙwallon, shi ya sa maganarsa ta rasa nauyi.

A cikin 'yan ajin ƙarshe akwai Fanna, 'yar wani masunci daga ƙauyukan fadama. Yarinya ce mai kai, ita ke ɗaukar na ɗaya, kuma babanta ya faɗa mata ƙarara cewa sau ɗaya zai iya tsaya mata ta zauna jarrabawar nan. Wata rana ina shara ta tsaya a bakin taga ta ce, "Anti Hadiza, wai da gaske ne in mutum ya danna inda ba daidai ba, fashewa take yi?"

Na ce, "Wa ya gaya miki?"

Ta ce, "Ba wanda ya faɗa. Na ga dai ko ke ba kya taɓawa sai da tsumma."

Na ci gaba da sharata.

Ana cikin zafin bazara, lokacin da kogi ya ja baya har yara na tsallakawa da ƙafa, aka aiko cewa jami'in ƙungiyar zai zo duba kaya. Muka yi shiri kamar na sallah. Na wanke rigunan kwamfuta na goge, na ƙara turare. Hajiya ta sa aka soya kaji, aka dama fura. Ta sha lafaya sabuwa, tana ta murmushi, don ta tabbata a duk makarantun da aka ba kayan babu inda aka riƙe su kamar namu.

Injiniya Buba ya iso da hantsi. Matashi ne dogo, Bafillace, mai ladabi. Ya cire takalmi, ya shaƙi ƙamshi ya ce, "Mama, ɗakin kwamfuta aka kawo ni ko ɗakin amarya?"

Hajiya ta ce, "Ina Bafillace zai san ƙamshi? Ku da kuka saba da warin garke. Shiga ka ga yadda Barebari ke riƙon amana."

Aka yi dariya, don kun san wasan da ke tsakaninsu. Ya ɗaga rigar farko, ya ga ledar kamfani ma ba a ɓare daga fuskar kwamfutar ba. Ya danna, ba ta tashi ba. Ya koma ta biyu, ita ma shiru. Sai ta uku ta kawo haske. Ya tambayi na'urar intanet, Hajiya ta buɗe durowa ta miƙo masa wayar a naɗe cikin hankici. Ya haɗa, ya duba wani abu a wayarsa ta hannu ya daɗe. Na ga murmushin ya bar fuskarsa.

Ya ce, "Mama, yaushe rabon da yara su yi aiki da su?"

Ta ce, "Ai ba mu bari an taɓa ba. Ga su nan yadda kuka kawo."

Ya nemi kujera ya zauna. Cikin sanyin murya ya yi mata bayani cewa ba tsabta aka aiko shi dubawa ba. Na'urar tana nuna musu ko ana amfani da ita, kuma tamu ta nuna tun ranar da aka kafa ta take barci. Fiye da rabin wa'adin intanet ya wuce a banza, ba kuma zai dawo ba. Batiran wasu kwamfutocin sun mutu saboda zama. Ya ce, "Saniyar da ba a tatsa, Mama, nononta ƙafewa yake." Sannan ya faɗi mai nauyin: ƙa'idarsu ita ce duk inda aka tarar ba a amfani da kaya, a kwashe a kai inda ake bukata. Akwai wata makaranta a Nguru da yara ke layi a kan kwamfuta biyu.

Malam Bukar ya sunkuyar da kai, bai ce ai na faɗa ba, kuma har gobe ina ganin girmansa saboda wannan. Ni kuwa Fanna ce ta faɗo mini a rai, za ta shiga jarrabawa da kwali kaɗai a hannunta.

Hajiya ta cire tabarau ta goge da bakin lafaya. Sannan ta ce, "Yanzu Bafillace ne zai kore wa Babarbariya garke da rana tsaka, tana kallo?" Wasa ne, amma ba ta yi dariya ba. Ta ƙara da cewa, "Ɗana, kuskuren nawa ne, ba na yaran ba. In hukunci ne a yi mini. Ka bar musu har su yi jarrabawa."

Injiniya ya sake duba wayarsa. Can ya ce zai wuce zagayen Machina, ba zai miƙa rahoto ba sai ya biyo ta nan ƙarshen wata. Abin da na'urar ta nuna a ranar, shi zai rubuta, ba zai ƙara ba, ba zai rage ba. Ko kajin bai iya ci ba, fura kaɗai ya sha ya tafi.

Bayan azahar Hajiya ta sa na tuɓe rigunan duka, ta sa aka kira 'yan ajin ƙarshe. Suka shigo yadda muka koya musu, hannuwa a baya. Ta ce, "Ku zauna, kowa ta kama ɗaya." Babu wadda ta motsa. Ta maimaita da tsawa, suka ƙara maƙalewa a bango, wata har ta soma hawaye. Wata da watanni muna dasa musu tsoro, ba zai fita da tsawa ɗaya ba.

Sai Hajiya ta ja kujera ta zauna gaban kwamfuta, ta ce, "Malam Bukar, zo ka koya mini. Yau ni ce ɗalibarka." Ashe ita ma ba ta taɓa taɓawa ba. Ya ce ta ja mawus, ɗan abin nan da ake turawa a kan tebur. Ta ɗaga shi sama tana nuna wa kwamfutar kamar rimot ɗin talabijin. Ya ce ta rubuta sunanta. Ta ɗora yatsa a kan harafin farko ta danne da ƙarfinta, kamar mai dangwala a katin zaɓe, harafin nan ya yi ta gudu har ya cika layi uku. Ta ce, "La'ilaha illallahu! Tsayar da shi, Malam!"

Dariya ta ƙwace wa Fanna. Ta toshe baki, amma ina, sauran sun kama. Hajiya ta juyo, muka ɗauka faɗa za ta yi. Sai ta ce, "To, kun ga ta fashe? Ke mai dariya, zo ki nuna mini naki."

Fanna ta zauna. Abin mamaki, kwalin nan bai tafi a banza ba, ta san mazaunin kowane harafi. Ta rubuta sunanta tsaf. Malam Bukar ya buɗe musu taswirar da ke nuna ƙasa daga sama, ya ce ta rubuta Gashuwa. Sai ga gari, ga gada, ga kogi yana lanƙwasa. Ta bi shi da yatsa har ta ce, "Wallahi ga mashigin ƙauyenmu! Nan Baba ke ɗaure kwalekwale!" Kafin ka ce me, babu yarinya ko ɗaya a jikin bango.

Daga ranar ɗakin bai sake hutawa ba. Aka raba su rukuni-rukuni, uku a kan kwamfuta ɗaya saboda waɗanda suka mutu, tun bayan karin kumallo har la'asar sakaliya, Asabar da Lahadi ma haka. Suna gwada tambayoyin shekarun baya da agogo na tafiya a gefe, yadda za su tarar a can. Malamar kimiyya ta nuna musu zuciyar mutum tana bugawa, abin da shekara da shekaru take zanawa da alli ba a ganewa. Ƙamshin turare ya gudu, warin zufa da man kitso ya maye gurbinsa. Shara ta ninka mini, amma ban taɓa jin daɗin aiki kamar watan nan ba.

Rannan wani madanni ya ɓalle a hannun wata yarinya. Ta zo ofis tana kuka kamar an yi mata rasuwa. Hajiya ta dube ta ta ce, "Share hawayenki ki koma. In takarda ta zo, sunana ne a kai, ba naki ba."

Ƙarshen wata Injiniya ya dawo. Wannan karon ba mu soya komai ba, ba mu ma san da zuwansa ba sai ganinsa muka yi a bakin ƙofa, ya rasa inda zai taka saboda takalman yara. Ya duba na'urar, ya dubi fuskokin kwamfutoci duk shatin yatsu, ya ga gurbin madannin da ya ɓalle. Hajiya ta riga shi da cewa, "Wannan ni zan amsa."

Ya ce, "Babu abin amsawa, Mama. Da sabo a jakata. Garkenki ya zauna." Ya kuma yi alkawarin turo batira.

Ta ce, "Ashe ana samun Bafillace mai hankali."

Ranar jarrabawa ni na raka su Nguru a motar haya. Ina zaune a gindin bishiya ina ta jan carbi har suka fito. Fanna ta rugo ta rungume ni ta ce, "Anti, irin tamu ce sak! Ta kusa da ni ce ma ta rikice, ba ta san inda za ta danna ba, har mai tsaro ya zo ya nuna mata." Fanna ta ci, ta samu gurbi a jami'ar nan ta garinmu, ta karanta aikin gona. Ba duka suka ci ba. Akwai waɗanda har yau nake cewa da an buɗe musu ɗakin tun farkon shekara, da wataƙila labarinsu ya sauya. Hajiya ma ta sha faɗin haka har ta yi ritaya.

Abin da na koya a aikin nan, ƙannena, shi ne sau da yawa wanda ya fi kowa tsananta wa kayan makaranta ba mugu ba ne, wani ciwo ne ya taɓa ji. Hajiya ta fi mu duka son yaran nan, kuma da ta gane inda amanar take, ba ta ji nauyin zama abin dariya a gaban 'yan cikinta ba. Ban ga shugabanni da yawa da za su iya haka ba. Kayan karatu kuwa a hannun yara ya kamata su tsufa. Don haka in kun ga yarinya ta tsaya a bakin ƙofa tana leƙe, kada ku jira ta yi sallama. Ku kira ta da sunanta, ku ja mata kujera.

Allah ya haskaka kabarin Hajiya Yagana, ya sa abin da yaran nan suka koya ya zame mata sadaka mai gudana.