Ranar da Yaya Ta Ci Ƙwai

Yayata ta yi rabin rayuwarta tana duba fukafukan 'yan tsaki. Aikinta ke nan a kamfanin ƙyanƙyasar kaji da ke bayan gari. A turo mata kwando cike da waɗanda suka fito daga inji da safen nan, ta ɗauki ɗaya, ta buɗe fiffikensa da babban yatsa, ta dubi gashin. In wani layin gashin ya fi wani tsawo, mace ce, sai kwali a hannun dama. In sun zo daidai, namiji ne, sai buhu a hannun hagu. Kajin ƙwai ne, namijinsu ba ya ƙwai, ba ya kuma yin ƙibar da za a kiwata shi don nama, saboda haka kamfani ba ya ɓata masa abinci. In buhu ya cika a ɗaure bakinsa, a jingine shi a bango, a kawo wani.

Ni ƙanwarta ce. Ɗakina na kallon nata a gidan haya ɗaya tun da mazajenmu suka rasu, don haka abin da zan faɗa da idona na gani. Kada wani ya ɗauka Yaya irin masu raunin zuciyar nan ce. Kafin abin ya faru, in an yanka kaza a gidanmu ita ke fige ta, ita ke gyarawa, kuma ba ta yarda wani ya riga ta zuwa ga ƙundu.

Ɗakin aikinsu kullum cikin rurin injuna da manyan fankoki yake, sai ka ɗaga murya na kusa da kai zai ji ka. Wata rana wuta ta ɗauke, janareta ya ƙi tashi, ɗakin ya yi tsit. A ranar ta fara jin abin da ke fitowa daga buhunan da ke jingine a bayanta. Ta ce mini sabon buhu kukansa da ƙarfi yake, na kusa da shi ya ragu, na can ƙarshe kuwa sai ka kasa kunne kafin ka ji ɗaya ko biyu. Shekara da shekaru tana tsaye taku uku daga wurin, ba ta taɓa ji ba. Da aka gyara janareta kowa ya koma bakin aikinsa, ita ma ta koma, amma hannunta na hagu ya riƙa yi mata gardama.

Ba ta daɗe ba ta ajiye aikin, ta koma yi wa wani otal wanki da guga a gida. Ƙwai ta fara bari, sai kaza, sai nama gaba ɗaya. Daga baya ta tambayi wani mai kiwon shanun madara inda 'yan maruƙa maza suke zuwa, ya gaya mata yanka su ake yi, shayinta ya koma baƙi ba madara. Har takalminta na fata ta ba ni, ta sayi na roba. Na karɓa kuwa, don ya yi mini daidai.

Mutane ba su bar ta ta sha ruwa ba. Matan gidanmu suka sa mata suna Zomo, har yara suka ɗauka. Wannan ta ce rowa ce, waccan ta ce koyi da Turawa ne, wani tsoho a layinmu ya ba da shawarar a kai ta a duba ƙwaƙwalwarta. In an yi taron dangi, sai ka ga wata ta ɗauko cinyar kaza tana kaɗa mata a hanci, ana ta shewa. Babban yayanmu ya taɓa tsare ta a gaban jama'a.

"Ke yanzu abin da Allah Ya halatta ne za ki haramta?"

"Yaya, ban ce haramun ba ne," in ji ta. "Ku ci, Allah Ya sa albarka. Ni ce dai ba zan iya ba."

Iyakar wa'azinta ke nan, kuma abin da ya fi ba ni haushi ke nan da mutane. Ba ta taɓa leƙa kwanon kowa ba, amma kowa sai ya leƙa nata. Ina ganin shirun nata ne ke tsone musu ido. Da ta yi ta surutu, da sun samu abin kamawa. Ni dai nama nake ci har gobe, ina soya shi a ƙofar ɗakina tana nata wake da ganye a ƙofar nata, ba ta taɓa ko yamutsa fuska ba.

Yaya 'ya ɗaya ta haifa, 'yar kuma ta haifa mata jika mace. Uwar tana aiki a kantin sayar da yadi, uban mai gyaran firji ne, don haka daga makaranta wurin kakarta ake sauke yarinyar, sai yamma a zo a ɗauke ta. Lauya muke ce mata, saboda tambaya. Me ya sa guga ke zafi, ina ruwa ke zuwa in ya shiga rariya, me ya sa Kaka ƙarama, wato ni, take da faɗa. Kowa gudun ta yake, ban da Yaya. Ita sai ta ajiye abin da take yi ta amsa, in ba ta sani ba ta ce ba ta sani ba. Tun da Yaya ta bar kamfani ban ga abin da ya dawo mata da dariya kamar yarinyar nan ba. Tun azahar take fara leƙen ƙofa.

Dole wata rana tambayar ta zo, ta kuwa zo.

"Kaka, me ya sa ba kya cin ƙwai?"

"Ba na so ne, ƙawata."

"Me ya sa ba kya so?"

Ina daga ƙofata ina yi mata alama da ido ta kawar da zancen. Ta kawar ranar, ta kawar washegari. Amma Lauya ba a kawar mata da zance, Yaya kuma ba ta iya ƙarya ba. Ƙarshe ta zaunar da ita ta gaya mata, a hankali, ba tare da ƙari ba: kwali a dama, buhu a hagu, da ranar da wuta ta ɗauke.

Yarinya ta koma gida ta ture ƙwai. Ta ture nama, ta ture madara. Dama can ba mai ci ba ce, siririya kamar tsinke, sai ta ƙara zubewa. Aka kai ta asibiti, likita ya ce jininta ya yi ƙasa. A nan ba zan zalunci surukin Yaya ba. Mutum ne mai kunya, bai taɓa shiga sahun masu ce mata Zomo ba, amma 'yarsa ce, ita kaɗai gare shi. Ya zo ya durƙusa a ƙofar ɗakin.

"Mama, ku yi haƙuri. Yarinyar nan za ta ɗan zauna wurin maƙwabciyarmu bayan makaranta, har ta warware."

Yaya ta ce a koma wurin likitan tare da ita, a tambaye shi abin da za a riƙa dafa wa yarinyar wanda zai ƙara mata jini ko ba nama, ita za ta dafa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Mama, ku babba ce, kun zaɓa da hankalinku. Ita ba ta kai zaɓe ba." Na so in yi masa tsawa, amma gaskiya ya faɗa.

Watanni suka wuce ba a kawo ta ba. Yaya ta daina leƙen ƙofa, ta koma fita da azahar. Na bi ta wata rana, na same ta a tsallaken titi, gaban makarantar, ta raɓe jikin wani shago tana kallon yara na fitowa. Ba ta ƙetara ba, don ta yi wa surukinta alkawari. Raina ya ɓaci ƙwarai, na juyo ban bari ta gan ni ba.

Can sai 'yarta ta zo da dabarar da suka ƙulla ita da mijin. Yarinya har yanzu sai an yi dambe take cin abin kirki, kuma maganar kowa ba ta shiga kunnenta sai ta kakarta. To, Yaya ta zo gidansu cin abincin rana, ta ci ƙwai a gabanta, ta ce mata wancan labarin wasa ne. In yarinya ta koma ci, sai a ci gaba da kawo ta kamar da.

"Ƙwai ɗaya ne fa, Mama. Ɗaya tak. Don Allah ki taimake ni."

Na ce wannan wulaƙanci ne, a tsufanta a sa ta ƙaryata kanta a gaban jika. 'Yar ta fashe da kuka ta ce ni ba 'yata ce ke ramewa ba. Ita ma gaskiyarta. Yaya ta ci gaba da ninke kayan guga. Da ta gama ta ce, "Wace rana?"

Tare muka je. Lauya na ganin ta ta ruga ta ƙanƙame ta, har suka kusa faɗuwa. Aka zauna, aka kawo shinkafa, aka kawo dafaffen ƙwai a faranti, aka ajiye a tsakiya. Kowa na hira da ƙarfi irin ta mutanen da ke jiran wani abu. Yaya ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya, ta ƙwanƙwasa a gefen faranti, ta ɓare shi a hankali. Yarinyar ta daina tauna. Yaya ta gutsura, ta tauna, ta haɗiye, ta ƙarasa sauran.

"Kaka, 'yan tsakin fa?"

"Wasa nake miki, ƙawata. Labari ne kawai. Ci abincinki."

Yarinyar ta dube ta, ta daɗe tana dubanta. Sannan ta ɗauki ƙwai ta ɓare ta cinye, ta ɗauki na biyu. Uwar ta yi hamdala, uban ya fita waje yana share ido. Ni da Yaya muka kama hanyar gida.

Aka ci gaba da kawo Lauya. Ta yi ƙiba, jini ya dawo, kowa ya ce dabara ta yi aiki. Yaya ta koma kan wakenta da ganyenta, ba ta sake taɓa ƙwai ba har ta bar duniya. Amma yarinyar da aka dawo mana da ita ba ta tambaya. Za ta gaishe da kakarta, ta yi aikin makaranta, ta taya ta ninke kaya, ta kwanta a cinyarta ma. In wani abu ya ɗaure mata kai, sai ta tsallako ɗakina ta tambaye ni, ni da ba ni da haƙurin amsawa. Yaya tana ji daga ɗakinta. Sau da yawa nakan ce, "Je ki tambayi kakarki mana," sai ta ce a'a, ba komai, ta bar shi.

Sau ɗaya Yaya ta yi mini maganar. Muna shanya, ta ce, "Ta daina yarda da ni. Ai da gaskiyarta. Wanda ya ce maka wasa yake, me za ka sake tambayarsa?" Na ce ta kira yarinyar ta warware mata. Ta ce in ta warware, yarinya ta sake ture abinci fa? Da aka daɗe kuma, yarinya ta girma, sai ta ce ai ya wuce, kada a tayar da shi. Haka ta zauna da abin a ranta.

Lauya na shekarar ƙarshe a sakandare Yaya ta rasu, bayan gajeriyar jinya. Da mai gida ya buƙaci ɗakin, ni da yarinyar muka shiga kwashe kaya. Muna cikin ɗaure tukwane, bakina da ba ya shiru ya kasa riƙewa. Na ce mata labarin 'yan tsakin nan da kakarta ta ba ta tana ƙarama gaskiya ne, ba wasa ba ne.

"Na sani, Kaka ƙarama," ta ce. "Tun a ranar na sani. Kaka ba ta iya ƙarya ba."

"To me ya sa kika ci?"

"Na ji su Baba suna cewa in na ci za a mayar da ni wurinta."

Na ajiye tukunyar da ke hannuna. Na ce to don me ta daina yi mata tambaya, shekara da shekaru, har tsohuwa ta tafi?

Ta dube ni da mamaki, kamar na tambayi abin da kowa ya sani.

"Tambayata ce fa ta sa aka sa ta cin abin nan. Na ce ba zan sake jawo mata ba." Sannan ta ce, "Ai ta gane, ko? Kaka ta san don ita na yi?"

Yarinyar na tsaye da igiya a hannu tana jiran amsa, ni kuwa na san amsar, na kuma san wadda ta fi ni iya faɗin gaskiya ta riga ta tafi. Na ce mata ta miƙo mini igiyar, mu gama kafin mai motar kwasar kaya ya iso.