Gwangwanin Madara a Aji Biyu

A shekarata ta uku da fara koyarwa aka tura ni taron bita a Dutse. Wata mata mai gilashi ta tsaya gabanmu tana cewa a riƙa tambayar yara abin da ke hana su koyo, a kuma bar su su sa baki a dokokin ajinsu. Sauran malamai shinkafar rana suke jira. Ni kuwa, da rawar kan sabon shiga, sai da na cika littafi da rubutu.

Makarantarmu ƙaramar sakandare ce a wani ƙauye bayan Kiyawa. Kullum daga Dutse nake hawo tsohon babur ɗina, in isa bayana na ciwo. Na rubuta takardar neman a dawo da ni cikin gari, ta fi wata shida a teburin firinsifal tana jiran sa hannunsa. Na faɗi wannan tun yanzu ne don kada wani ya ɗauke ni mutumin kirki a labarin nan.

Ran Litinin na shiga aji biyu da gwangwanin madara wanda na huda wa murfi. Na raba musu 'yan takardu, na ce kowa ya rubuta abin da ke hana shi karatu da abin da yake so a gyara, ya jefa ciki. Na ce kada kowa ya sa suna, na maimaita har sau uku. Sannan na dafa ƙirji na ce, "Amana ce tsakanina da ku. Ban da ni ba wanda zai gani."

Da na buɗe gwangwanin a gindin darbejiya sai na kama dariya ni kaɗai. Kusan kowace takarda da suna a sama, da aji, da kwanan wata, an ma ja layi da rula. Ba laifinsu ba ne. Tun firamare muke zane su in sun miƙa takarda ba suna, hannun ya riga ya saba. Na ce a raina ba komai, ai ni kaɗai ne mai gani.

Abubuwan da suka rubuta sun ba ni kunya, don duk a gaban idona suke. Allo ya koɗe. Na baya ba sa jin malami. A daina yi wa wanda ya yi kuskure dariya. Wanda ya makara saboda ɗiban ruwa a bar shi ya shigo. Muka zauna tare muka mayar da su dokoki a kan kwali, muka shafe allo da baƙin tsohon batir, muka tsara a riƙa sauya wurin zama duk mako. Cikin wata guda ajin ya farfaɗo, yaran da ban taɓa jin muryarsu ba suka fara ɗaga hannu. Na ji daɗi ƙwarai, har kaina ya soma kumbura.

Takarda ɗaya ce ban karanta musu ba. Ta wata yarinya ce mai zama a layin gaba, 'yar wani manomi, wadda ta fi kowa tambaya. Ta rubuta cewa malamin lissafi yana kawo buhun gyaɗa su ɓare masa a lokacin darasinsa, tun kaka ba su wuce shafi ɗaya ba. A ƙasa ta ƙara da cewa, "Ina so in iya lissafi."

Kowa a makarantar ya san da gyaɗar nan, ni kaina na sha cin ta a ɗakin malamai. Malamin lissafin ya girme ni nesa ba kusa ba, kuma wan matar firinsifal ne. Ban iya tunkararsa ba, ban kuma iya riƙe bakina ba. Ana cikin hira na ce ai wata takarda a gwangwanina ta yi kuka da lissafi. Washegari firinsifal ya kira ni ofis.

"Malam, na ji ka buɗe kotu a aji biyu," in ji shi.

Na ce, "Ranka ya daɗe, shawararsu kawai nake nema."

"To kawo gwangwanin in ga shawarar."

"Na yi musu alkawari, ranka ya daɗe."

Bai yi faɗa ba. Ya zaro takardata ta neman komawa gari daga ƙasan tarin takardu, ya ɗora ta a sama, ya shafe ta da tafin hannu. Ya ce, "Ai ni ma ubansu ne."

Daga ɗakin malamai zuwa ofishinsa bai fi taku ashirin ba. Da na so da na cire takardar yarinyar a hanya, kuma wallahi tunanin ya zo mini. Amma ya riga ya san da ita, in bai same ta ba kaina abin zai dawo. Na miƙa masa gwangwanin yadda yake.

Da safe a wurin asambili aka kira sunanta, aka karanta takardar da ƙarfi, aka sa ta durƙusa a gaban makaranta duka. Firinsifal ya ce ga irin yaran zamani masu kai ƙarar malamansu. Aka aika aka kira babanta daga gona. Dattijon ya zo da ƙasa a ƙafa, ya tsuguna gaban malamin lissafi yana cewa, "Malam, a yi haƙuri, yarinta ce." Ita ba ta yi kuka ba. Ni take kallo, ni kuma na duƙufa kan rajista kamar akwai abin da nake nema.

Daga ranar ta koma can layin baya, ba ta sake ɗaga hannu ba. Na kira ta sau biyu in ba ta haƙuri, ta ce, "Ba komai, Malam," idonta a ƙasa. Gyaɗa ta yi hutun mako biyu ta dawo. Kafin ƙarshen zango firinsifal ya sa hannu a takardata. Yanzu a Dutse nake koyarwa, a ƙafa nake zuwa aiki, bayana ya daina ciwo, kuma har yau in na tuna kuɗin da na sayi wannan sauƙin da shi sai in ji na tsani kaina.

A makona na ƙarshe a ƙauyen, da yake ba ni da ta ido, na sake shiga aji biyu da gwangwanin. Na ce su rubuta mini abin da suke so in faɗa wa malamin da zai gaje ni. Suka karɓi takardun da ladabi, suka sunkuyar da kai, kowa ya naɗe tasa ya jefa, har da ita.

Na je gindin darbejiya na buɗe. Wannan karon sun bi umarnina, ba wanda ya sa suna. Na bi takardun ɗaya bayan ɗaya ina juya su gaba da baya, ba wanda ya rubuta ko harafi ɗaya.