Mutumin da ke ba ƙarfe ruwa

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar yayana Usumanu, wanda duk Rusairis ta sani da Mani Iza'a. Iza'a dai gidan rediyo ke nan a bakinmu na nan. Kowace shekara in aka fara yankan riɗi nakan ce bana zan rubuta wani abu a kansa, sai in sami dalilin fasawa. Bana dalilai sun ƙare mini. Lajnar unguwarmu, wato kwamitin unguwa, tana bin gida-gida da takarda, wai a sa hannu a sare dogon ƙarfen rediyo kafin ya faɗo wa mutane a ka. Sau biyu ana kawo mini ita, sau biyu ina cewa su dawo gobe. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, ko jabana, gahawarmu ta nan, aka dafa mini a tsaye nake sha.

Yaya Mani ba injiniya ba ne, ba kuma mai karanta labarai ba. Mai gadi aka ɗauke shi, lokacin da wata ƙungiyar manoma ta kafa ƙarfen a bayan gari, inda ba kowa sai makiyaya. Ɗaki ɗaya ne na bulo, da na'ura mai zafi kamar tanderu, da janareta, sai shi. Ƙungiyar ta watse, hukumar gari ta karɓa. Hukuma ta gaji, ta miƙa wa wani ɗan kasuwa daga Managil. Kowane sabon mai gida da abu ɗaya yake farawa, ya sake fentin allon bakin ƙofa ya rubuta sunansa. A cikinsu duka ba wanda ya taɓa tambayar abin da ke ƙarƙashin ƙasa.

To, abin da ke ƙarƙashin ƙasa shi ne rayuwar Yaya Mani. Injiniyan da ya kafa ƙarfen ya nuna masa tun farko: daga gindinsa an shimfiɗa wayoyin jan ƙarfe, an binne su zurfin taƙi ɗaya, sun bazu ta kowace fuska, wasu sun fi taku ɗari. Ya ce masa murya ba daga sama kaɗai take tashi ba, sai ƙasa ta tallafe ta. Ku kuwa kun san baƙar ƙasarmu, in rani ya yi rani takan tsage har ƙafar akuya ta shige. Tsagewar tana tsinke waya, bushewar tana raunana murya. Saboda haka yayana ya samo jaki da karo, wato amalanke, ya ɗora ganga, kullum sawu huɗu zuwa kogi yana jiƙa filin. Da ya ga ruwa na tafiya a banza sai ya shuka albasa da kuɓewa a kai, amma fartanya ba ta shiga wurin, da yatsa yake cire ciyawa. Masu wucewa sukan tsaya su tsokane shi: “Mani, ƙarfen bai yi toho ba har yanzu?” Shi kuma ya ce, “In ya yi 'ya'ya, kunnuwanku za su ci.”

Kunnuwanmu kuwa sun ci. Kowace Juma'a bayan la'asar akwai sa'a guda ta Hausa: rasuwa, suna, ɓatan shanu, ranar da za a saki ruwa a gonaki. Mai gabatarwa ɗan birni ne, sunayen ƙauyukanmu suna harɗe masa a baki, sai aka riƙa ba Yaya Mani minti biyar na ƙarshe. Yakan jero ƙauyuka ɗaya bayan ɗaya, ya rufe da Hillar Sambo, can hanyar Dinder, inda babbar yarmu Kulu take aure. Ita ta raine mu bayan rasuwar mahaifiyarmu, ita ta goya ni. Yakan ce, “Mutanen Hillar Sambo, ina gaisuwa. Yaya Kulu, muna lahiya.” Shi ke nan wasiƙarsa. Ita kuma takan ajiye rediyonta a kan gado tun azahar, matan gida su taru, don kada a ce ƙanenta ya kira sunanta ba shaida. An ce zumunta a ƙafa take. Yaya Mani ba ya iya barin ƙarfe ko kwana biyu ba dalili, don haka ya ɗora tasa a kan iska.

Ni ne ƙafar. Direban hafla ne ni a lokacin, irin ƙaramar bas ɗin nan, ina bin hanyar Hillar Sambo ranar Juma'a in dawo Asabar. Da na ajiye mota zai tare ni: “Garba, ina muryar ta tsaya?” In ce ta wuce kuka mai kogo, ta haye kwari, a Hillar Sambo ma tangararau take. In na ce ta ɗan shaƙe a kwari, washegari zai ƙara sawu biyu na ruwa. Ba shi da wani ma'auni sai bakina, kuma bai taɓa tantama a kan abin da na faɗa masa ba.

Sai gari ya taho. Waɗanda yaƙi ya koro daga kudu, da masu neman aiki, da irinmu da muka gaji da haya, duk muka dumfari filin. Hukuma ta yanka fuloti, na yi ta zirga-zirga har na sami ɗaya a gefen arewa, ina murna zan zauna kusa da yayana. Ya zo ya taka wurin da ƙafarsa, ya ce in gina ɗakuna ba laifi, amma ramin masai in kai shi can ƙarshen gida. Ya nuna wata kusurwa ya ce, “Nan hwa kada a taɓa, wayoyin Yaya Kulu ne.” Na ce to. Bayan sati biyu ya tafi Damazin neman wani ƙarfe na janareta, masu haƙa suka zo, suka ce inda ya nuna akwai tsakuwa, nan kusurwar ta fi laushi. Ina sauri, mota na jira. Na ce su haƙa. Ina tsaye diga ta zaƙulo waya, ja jawur, sai wata, sai wata, har shida. Suka datse suka naɗe. Na ce a raina, a cikin wayoyi masu yawa haka mene ne shida, ai maƙwabta ma sun yi. Kafin ya dawo an rufe bakin ramin da siminti.

Juma'ar da ta biyo ina gangarawa kwari murya ta fara rawa. Kafin in hau tudu ta mutu, sai shuuu. Na murɗa, na bubbuga rediyon, na tsayar da mota na ɗaga eriya, fasinjoji suna ta ƙorafi. Ban san ilimin abin ba, har yau ban sani ba ko nawa ramin kaɗai ne ko har da na maƙwabta. Na dai san makon da abin ya faru. Ranar Asabar ya tare ni da tambayarsa, na buɗe baki na ce, “Ras take, Yaya, kamar kana cikin motar.” Ya yi murmushi ya koma wajen jakinsa.

Yaya Kulu ba mai yawan magana ba ce, sai da aka yi Juma'a uku sannan ta ce, “Ka ce wa Mani mun bar jin shi.” Ban faɗa ba. Na koma na ce mata na faɗa, ya ce zai duba. Ta sake aikowa, na sake haɗiyewa. A karo na uku ta ce, “In sabon mai gidansa ya hana shi gaishe da talakawa, shi aiko da baki mu sani.” Wannan ma a cikina ya kwana. Kullum ina cewa gobe zan faɗa masa, in na ga fuskarsa sai in fasa. A lokacin wayar hannu ba ta kai ƙauyukan can ba, damina kuma ta sauka, hanya ta zama taɓo, na jingine mota. Wallahi har daɗi na ji da hanya ta rufe. Shi kuwa kowace Juma'a yana nan yana gaida Hillar Sambo, yana ce wa Yaya Kulu muna lahiya.

Zazzaɓi ne ya ɗauke shi a ƙarshen daminar, kwana huɗu kacal. Aka karanta sanarwar rasuwarsa sau uku a rediyonsa. Mutane suka zo daga Damazin, daga ƙauyukan bakin kogi, har da makiyayan da ya taɓa nemo wa shanu. Wani dattijo ya ce a tashi mutum a kan jaki zuwa wurin Kulu, jama'a suka ce ai ba sai an wahala ba, wa ya kai ta riƙon rediyo? Ina zaune a kan tabarma ina ji. Ni kaɗai na san ba za ta ji ba, kuma in na ce a tura mutum sai an tambaye ni dalili. Na sunkuyar da kai na ja carbi. Ranar tara Yaya Kulu ta iso a bayan tarakta, wani mai sayen riɗi ne ya ba ta labari. Ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Ta dube ni ta ce, “Allah ji ƙan Mani. Amma ya yashe mu tun kahin shi mutu.”

Sau da yawa ina tambayar kaina abin da zai ce in ya leƙo yau. Tun da aka ƙara wa madatsar ruwan Rusairis tsawo aka taso wasu ƙauyukan, filin ya cike, ƙarfen ya zama kamar baƙo a tsakar gidan mutane. Matan unguwa suna shanya a kan igiyoyin da ke riƙe da shi. 'Ya'yan ɗan kasuwan Managil sun gaji gidan rediyon, sun mayar da shi saman wani shago a kasuwa, da 'yar ƙaramar eriya da ba ta son ruwa ba ta son jaki, amma muryarsa ko kuka mai kogo ba ta kaiwa. Sa'ar Hausa ta koma kwata, a matse tsakanin tallan taki da na sabulu. Jikokina in na yi musu Hausa da Larabci suke amsawa. Unguwar dai sunanta Iza'a, masu raksha, babur mai ƙafa uku, suna kiransa kullum, rabinsu ba su san daga ina ya fito ba. Ina jin ba zai yi faɗa ba, shi ba mafaɗaci ba ne kamar ni. Zai dai tambayi sababbin masu gidan ina muryarsu take tsayawa, kuma na tabbata ba su da amsa. Takardar mallaka tana hannunsu, amma wanda ya san sunan ƙauyen ƙarshe da ke saurare, shi na sani a matsayin mai gidan rediyo.

Ƙarfen zai sauka, da hannuna a takarda ko babu. Ya yi tsatsa, masu tsoro suna da gaskiya. Albasar ta daɗe da zama ɗakin wani. Da na zauna na tace, abin da ya rage na Yaya Mani shi ne sunansa a bakin waɗanda suka san shi, sunan nan kuwa a wuri ɗaya yake da tabo, ni na shafa masa. An ce ƙarya fure take ba ta 'ya'ya. Tawa ta yi, kuma tsohuwa ce take ci.

Saboda haka makon jiya na hau motar wani zuwa Hillar Sambo. Yaya Kulu ta tsufa ƙwarai, ido ya yi rauni, amma kunne garau. Na durƙusa a bakin tabarmarta kamar yadda nake yi tun ina ƙarami, na faɗa mata komai, daga ramin har saƙonninta uku da ban kai ba. Na ce mata bai taɓa tsallake Juma'a ko ɗaya ba, har wadda ya kwanta a cikinta sai da ya kira sunanta. Ina jira ta zage ni, da ta zaga ma da na ji sanyi.

Can ta ce, “Garba, shekara goma sha ɗaya ina yi ma ɗan'uwana addu'a da rabin baki. Tashi ka ba ni wuri, ramuwa zan yi.”

Ta lalubo butarta ta nufi bayan ɗaki. Ba ta ce ta yafe mini ba, ni ma ban da bakin tambaya.