Shekara Goma Sha Tara a Kedesh

Gaddiya magini ne daga wani ƙauye a tsaunukan Galili, ba a san shi da rigima ba sai dai yawan surutu. Yana da shekara ashirin da shida ƙaddara ta faɗa masa. Suna ɗaga katangar gonar inabi da amininsa Shemarya, shi a sama, Shemarya a ƙasa yana miƙo laka, sai dutse ya suɓuce daga hannun Gaddiya ya faɗa kan Shemarya. Ko shurawa Shemarya bai yi ba.

Yana durƙushe kan gawar yana kuka mahaifiyarsa ta fizge shi. "Tsayuwar me kake? Kama hanyar Kedesh kafin Felaya ya ji!" Felaya ƙanin mamacin ne, kuma a kansa ɗaukar fansar jini ta rataya.

Da ƙafafu a farfashe ya isa ƙofar Kedesh, garin mafakar wanda ya yi kisa ba da gangan ba. Dattawa suka saurare shi, suka ba shi ɗaki. Ranar shari'a matar mamacin ce ta miƙe gaban jama'a, ta ce, "Da safen nan a akushi ɗaya suka ci gurasa. Babu gaba tsakaninsu, ba zan yi ƙarya don zafin raina ba." Aka yanke cewa zai rayu, amma a Kedesh, har sai babban firist, shugaban addini na ƙasar, ya rasu. In ya ƙetare iyakar gari kafin nan, jininsa ya halatta ga Felaya.

Bai ƙara hawa katanga ba. Ya koma gina tanderu, har matan gari suka daina kiran kowa sai shi. A shekara ta huɗu ya auri wata bazawara mai sayar da ɓaure, suka haifi 'ya'ya mata biyu.

Duk kakar zaitun Felaya kan zo ya zauna bayan dutsen iyaka da wuƙarsa a ƙugu. Da fari zagi ne zalla. Daga baya Gaddiya ya soma fitowa ya zauna ta ɓangarensa.

"Ka yi tumbi, magini. Zaman ɓuya ya karɓe ka."

"Kai kuma sanƙo ya cinye ka kana gadina. Ya ruwa a ƙauye?"

A shekara ta goma sha ɗaya Felaya ya zo ba lokacinsa ba, ya ce Inna, mahaifiyar Gaddiya, ta rasu. Gaddiya ya zabura ya nufi hanya, idonsa a rufe. Felaya ya ja da baya yana ɗaga hannuwa.

"Yaya, tsaya nan! Don Allah kada ka taka dutsen nan. In ka fito ban san abin da hannuna zai yi ba, dangi na kallona." Ya ƙara da cewa, "Ni na haƙa kabarin. Kusa da babanka muka sa ta."

Gaddiya ya zube a wurin ya yayyaga rigarsa. Felaya bai tafi ba sai da ya ga matar Gaddiya ta zo ta ɗaga shi.

Bayan shekara takwas babban firist ya rasu. Gari na makoki, Gaddiya ya shige ɗaki don kada a ga fuskarsa, shi kansa bai san kuka zai yi ko murna ba.

Ya koma ƙauye da furfura, ya tarar rufin gidansu ya rufta, rabin waɗanda ya sani sun mutu. Matar Shemarya ta amsa gaisuwarsa daga cikin ɗaki, ba ta fito ba. Kwana tara ya yi, ya ziyarci kaburbura, sannan ya juya Kedesh, don can 'ya'yansa suka sani. A can ya rasu bayan shekara shida, 'yarsa ta fari ta gaji ginin tanderu.